Abin da Wayar Auta Ta Nuna Mini

Ni fa ban ce a sayo mini waya ba. Wannan shi zan fara faɗa, don kada wani ya ce tsoho ne ya yi kwaɗayi ya jawo wa kansa. Ina da 'yar wayata mai madannai, wadda ta faɗa bokitin ruwa ta tashi, ta faɗi a kan siminti ta tashi, na ɗaure bayanta da kyauro muna ta lallaɓawa. In an kira ni in ji, in na kira a ji ni. To me kuma ake nema?

Sai ga Auta, 'yata ta ƙarshe, wadda take aiki a wani kantin magani can wani gari mai nisa, ta zo mana hutu da kwali a jaka. Muna gama cin abinci ta ɗora mini shi a cinya. Mamanta sai washe baki take, ka ce ita aka kawo wa.

Na buɗe. Wata aba ce baƙa siririya, ga santsi kamar sabulu a hannun mai wanka. Babu madanni ko ɗaya a fuskarta, gilashi ne zalla. Na juya ta gaba, na juya ta baya, na ce, “To ta ina ake kama ta?”

“Baba, ba a danna wannan, shafawa ake yi,” in ji Auta. “Agogo ce, rediyo ce, tocila ce, tana ɗaukar hoto, tana yin lissafi, za ka riƙa ganina in muna magana. Har hanya tana nuna wa mutum in ya ɓata.”

“Hanyar ina? Daga gida zuwa shago? Ai ko an ɗaure mini ido zan kai kaina.”

Suka yi dariya ita da mamanta. Sai ta ce wai sai an koya wa wayar yatsana, don kada kowa ya iya buɗe ta sai ni. Ta kama babban yatsana na dama ta ɗora a kan gilashin. Wayar ta yi ɗan gurnani, ta ƙi. Aka sake, ta ƙi. Aka sake.

“Tana cewa yatsan ya motsa. Baba, ka tsaya cik mana, sai ka ce ana yi maka cakulkuli!”

Na ce man gashi ne a hannuna, ai kin san sana'ar tamu. Na miƙa mata na hagu, nan take wayar ta karɓa. Na dama kuwa na tura shi ƙarƙashin cinyata na danne, na ci gaba da dariya tare da su.

Bari in gaya muku abin da ban gaya musu ba. Hannuna na dama rawa yake. Tun bara ya fara, kaɗan-kaɗan, in ina juya shayi sai in ji cokali yana buga kofi ba da izinina ba. Na ce gajiya ce. Na ce sanyi ne. Na daina shan shayin safe, na sha tafasasshen ganye, na shafa duk man da aka ce yana saki jijiya. Abu dai sai gaba yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa na sani sarai, na ja bakina na tsuke.

Ga wani mutum wannan ba komai ba ne, tsufa ne. Amma ni mai aski ne.

Shagona ɗan tsukuku ne tsakanin shagon Tela da teburin mai shayi. Kujera ɗaya ce mai juyawa, madubi ɗaya da ya fara yin baƙi ta gefe, sai kanta biyu na ajiye kwalabe. Samari sun daɗe da guduwa, sun koma sababbin shagunan nan masu talabijin da kiɗa, inda ake zana wa mutum layi a ka kamar filin ƙwallo. Waɗanda suka rage mini dattawa ne, kuma ba don kilifa suke zuwa ba. Kilifa ai kowane ɗan tagajan-tagajan zai iya riƙe ta. Don aska suke zuwa. In kwantar da mutum, in shafa masa kumfa mai ɗumi, in bi kumatu da haɓa da maƙogwaro, ya tashi fuska sumul ba ko ƙwarzane. A unguwar nan in ana zancen aska sunana ake kira. Ranar da aka ji hannun nan yana rawa, ranar shagon ya mutu.

Kuma ba yunwa nake tsoro ba. Yara ba za su bar mu da yunwa ba, Allah ya yi musu albarka. Abin da nake tsoro shi ne in wayi gari ba inda za ni. In zauna a ƙofar ɗaki ina korar ƙuda, ina jiran a miƙo mini kwano. Na ga yadda zaman nan ya cinye mutane da suka fi ni ƙarfi.

Don haka na koyi dabaru. In zan ɗora aska, sai in kafa ɗan ƙaramin yatsana a kan ƙashin kumatun mutum, hannun ya sami abin dogara. In riƙe numfashi, in ja gajere-gajere. Na juya kujerar ta bar fuskantar madubi, na ce hasken ƙofa ya fi kyau. Sai kuma surutu. Ni da da ba na son magana in ina aiki, na zama rediyo mai jini, don dai hankalin mutum ya tafi wani wuri. A raina ina cewa na iya, ba wanda ya gane.

Auta ta koma, ta bar ni da wannan sabuwar masifa a aljihu.

Tsohuwar wayata mai rufin asiri ce, sai ka danna da ƙarfi take jin ka. Wannan kuwa ko ƙuda ne ya sauka a kanta, ta ɗauka umarni ne. Ina neman rediyo ta kira mini surukina. Na kashe, ta sake kiran sa. Na kashe, ta sake. Bawan Allah ya bar aikinsa ya taho a guje yana haki, ya ɗauka rasuwa aka yi. In zan rubuta wa Auta “lafiya lau”, sai ta fito da wani yare da ko aljanu ba sa ji. Na ɗauki maman yara hoto tana tsintar shinkafa, ta fito da kai biyu da hannu huɗu.

“Malam, ka mai da ni dodo,” in ji ta.

“Wayar ce ba ta da kyau,” na ce. “Kayan zamani ai duk ƙyalƙyal banza ne.”

Amma gaskiya ɗaya ce, akwai daɗi. Ranar da Auta ta fara kira na ga fuskarta, na ga ɗakinta da labulen da mamanta ta ɗinka mata, sai da na yi hamdala. Rediyonta ba ya shiii. Maman yara ta yi magana da yayarta da suka daɗe ba su haɗu ba, suna kallon juna suna kuka suna dariya, kowacce tana cewa ɗayar ta tsufa. Na zauna a gefe ina kallon su. Na ce lallai kowa ya daɗe zai ga daɗau.

Wanda ya fi kowa samun abin tsokana shi ne Dogo. Dogo tsohon direban bas ne, kuma gajere ne ƙwarai, tun muna samari aka laƙa masa sunan don shaƙiyanci, ya bi shi. Shi ne mutum na farko da ya fara zama a kujerar nan ranar da na buɗe shago. Duk Laraba da safe yana nan, ko ana ruwa ko ana iska. Da ya gan ni ina fama da gilashi sai ya riƙe ciki.

“Kai jama'a, ku zo ku ga an ɗora wa jaki sirdi!”

“Rufe mana baki, kai da sai an sa maka matashi kake hango titi.”

“Na dai kai mutane gida lafiya. Kai fa? Ka kira surukinka ka ce ya zo ya ɗauki gawa.”

Haka muke da shi. In ya shigo bai zage ni ba, to ba shi da lafiya.

Wata rana Auta ta kira da wata sabuwar magana. Wai in ɗauki bidiyon kaina ina aiki in aiko mata, za ta sa a inda mutane suke gani, a san har yanzu akwai masu aska na gaske. Na ce ba na yi. Ta ce, “Haba Baba, duk garin nan da nake ban ga mai hannunka ba. Abokan aikina ba su yarda ba in ina ba su labari.” Ita kuwa Auta ta san lagona. Son yabo dai, Allah ya raba mu da shi. Na ce to yaya ake yi? Ta ce in jingina wayar a wani wuri, in taɓa jan ɗigon nan, shi ke nan.

Na zaɓi Dogo, kuma na ce ba zan gaya masa ba. So nake in kama yadda yake hangame baki kamar kifi in ana gyara masa gashin baki, in nuna wa mutanen teburin shayi in rama. Da na hango shi yana tsallako titi, na jingina wayar da gwangwanin hoda a kan kantar ƙasa, ta gefen kujera, tsakanin kwalabe. Da yatsan hagu na taɓa jan ɗigon.

Ya shigo da zaginsa, na tare shi da nawa. Ya zauna, na rufa masa farin ƙyalle tun daga wuya har gwiwa, na kwantar da kujera. Na kaɗa kumfa, na shafa. Na wasa aska a jikin fata. Ya fara ba ni labarin nan nasa da na ji har na haddace, na ranar da birki ya tsinke masa a gangara da mota cike da mata 'yan kasuwa da kwandunan kaji. Ni ma ina ta nawa surutun. Na kafa ɗan yatsa, na riƙe numfashi, na bi kumatu, na bi haɓa, na gangara maƙogwaro. A ganina ranar hannun ma ya yi mini biyayya fiye da kullum. Na goge shi da tawul, na shafa masa hoda.

Ya miƙe ya shafa kumatunsa a gaban madubi. “Hannu na nan, tsoho,” in ji shi. “Kai ne dai babu.” Ya gyara wuyan rigarsa ya fita.

Da rana ta take, aka ɗauke wuta, titi ya yi tsit, na jawo wayar na zauna a kujerar aski ina murmushi tun kafin in kunna.

Abin da na fara gani wani tsoho ne mai ranƙwafaffen baya, da sanƙo a tsakiyar kai kamar faranti. Wallahi sai da na ɗan ɗauki lokaci kafin na yarda ni ne. Rayuwata duk a gaban madubi na yi ta, amma ban taɓa ganin ƙeyata ba. Kuma ba wanda ya taɓa gaya mini. Na ja tsaki na ce ita ma wayar munafuka ce.

Sai tsohon ya ɗauko aska.

Ina jin rawar hannun nan a jikina kullum, amma ban taɓa tsayawa daga gefe na kalle ta ba. Gani ya kori ji. Askar kaɗawa take a iska, tana sheƙi, tana zuwa tana dawowa kafin ta sauka a fata. Ɗan yatsan da nake taƙama da shi, ashe shi ma rawa yake, har kumatun Dogo yana motsi tare da shi. Da wani na gani yana nufo maƙogwaron mutum da hannu irin wannan, da na yi ihu na ƙwace askar.

Ban gama haɗiye wannan ba idona ya sauka ƙasa. Daga inda wayar take, ƙyallen ya ɗan ɗage ta gefe, ana ganin abin da ni ba na gani in ina tsaye a kan mutum. Hannun Dogo ne. Ya damƙe ƙarfen kujera, jijiyoyi sun tashi ruɗu-ruɗu. Ƙafarsa ta zame daga takalmi, yatsun sun ƙanƙame. Bakinsa yana ba da labarin kaji, yana dariya, hannun kuwa kamar na wanda ake cire wa haƙori. Duk lokacin da na ɗaga aska sai ya ɗan saki, in na mayar sai ya sake damƙa.

Da na juya baya zan ɗauraye askar a kwano, sai ya saki wani dogon numfashi, ƙirjinsa ya sauka. Ya zaro hannu da sauri ya taɓa ƙasan haɓarsa, ya duba yatsunsa. Akwai jini. Ba mai yawa ba, amma akwai. Ya goge a cikin ƙyallen ta ciki, ya danna wurin da babban yatsa, ya jawo kumfa daga kumatu ya rufe. Ina juyowa ya mai da hannun, ya ɗora daga inda ya tsaya: “To, sai wata mata ta ce, direba, in za mu mutu ka tsaya in sauke kajina tukuna!”

Na ji muryata a cikin wayar ina ƙyalƙyala dariya.

Na tashi na ɗauko ƙyallen daga ƙusa na juya cikinsa. Ga shi nan, ɗan ja. Kusa da shi akwai wasu ɗige-ɗige da suka koma ruwan ƙasa, waɗanda wanki bai fitar ba. Da ina ganin su ina cewa tsatsar ƙusa ce.

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da uwata ta haife ni. Bayan kunya sai haushi. Haushin Dogo, haushin Auta, haushin wannan baƙar aba da ta shigo gidana ba sallama ta tone ni. Na ce bari in goge shi kowa ya huta. Na nufi alamar kwandon shara, da hannun dama don ruɗewa, yatsan ya sauka a kan maƙwabciyarta. Wasu hotunan mutane suka fito. Na yi ta dangwala ina neman hanyar komawa, kafin in ankara wayar ta yi wani ɗan ƙara, ƙit. Ya tafi wurin Auta.

Can da la'asar ta kira. Na bar ta ta yi ta ruri har ta katse. Ta sake kira, na ɗauka, amma na kifa fuskar wayar a kan cinyata don kada ta gan ni.

“Baba, na gani. Ya yi kyau sosai.” Muryarta wani iri, irin ta mai lallashin yaro ya sha magani. “Kawu Dogo yana nan da labarin kajinsa.”

“Yana nan.”

Ina jin hayaniyar kantinsu a bayanta.

“Baba, yaushe za ka zo nan mu je ka ga likita? Akwai wani mai kirki, yana duba irin wannan. Ana samun sauƙi in an fara da wuri.”

“Irin wanne?”

“Baba…”

“Na ce irin wanne? Wayar da kika kawo ce take rawa, ba ni ba! Kin ga na taɓa yanka wani? Da hannun nan aka biya miki makaranta, yau ke za ki gaya mini yadda yake?”

“Allah ya ba ka haƙuri, Baba. Ba haka nake nufi ba.”

Na ji ta tana jan hanci. Na so in kashe, na rasa inda ake kashewa, sai da ita ta kashe daga can. Wanzami ba ya son jarfa, haka ne. Amma Auta ba ta ci wannan tsawar ba, kuma na san haka tun ina cikin yi.

Da na koma gida na ga alama Auta ta riga ta kira mamanta. Ta kawo mini shayi. Na duba kofin, rabi ne. Sai na tuna jiya ma rabi ne, shekaranjiya ma haka.

“Tun yaushe kika fara zuba mini rabin kofi?”

Ba ta ɗago ba. “Don kada ya huce ne, Malam. In ka shanye sai in ƙara maka.”

Washegari ban buɗe shago ba. Na aika aka ce zazzaɓi nake. Na zauna a gida, na ɗanɗani zaman nan da nake gudu. Na ga yadda rana take tafiya a jikin bango. Na ji duk hirar da maƙwabta suke yi a bakin famfo. Maman yara tana shara tana cewa in ɗaga ƙafa, in ɗaga, ta wuce, in sauke. Abin da nake yi kawai shi ne in shige ɗaki in kunna bidiyon nan, in kalla, in sake kalla. Wani lokaci in ce ai wayar ce take ƙara gishiri, ba ga shi ta yi wa maman yara kai biyu ba? Wani lokaci in ce Dogo ne matsoraci, dama can ko allura ba ya so. Da haka na lallashi kaina har Laraba ta zagayo, na ce zan fita. Zaman gida ba nawa ba ne, gara in mutu a tsaye.

Na tarar da su a bencin mai shayi, dattawan nan nawa, kowa gemu ya yi buzu-buzu saboda kwanakin da na yi ban buɗe ba. Suka yi mini ya jiki. Tela, maƙwabcina, mutum mai sanyin hali wanda ban taɓa jin ya faɗi aibin kowa ba, ya ce shi ne na biyu a layi, yana da ɗaurin aure da zai je. Na farko kuwa ba sai an faɗa ba.

“Ashe ba ka mutu ba,” in ji Dogo yana hawa kujera. “Har na fara tunanin wa zai gaji wayar.”

Ban rama ba. Na rufa masa ƙyalle, na kwantar da shi, na kaɗa kumfa na shafa. Na wasa aska. Ya fara wani labari, ban ji ko kalma ɗaya ba. Na kafa ɗan yatsa a kumatunsa, na riƙe numfashi. Amma idona ya ƙi tsayawa a haɓa. Ya gangara kan ƙyallen, daidai hannun kujera. Ga ƙullin nan ya taso a ƙarƙashin farin yadi, ƙato, ba ya motsi.

Na ɗaga gefen ƙyallen.

Ya saki ƙarfen da sauri, amma na riga na gani. Muka kalli juna, shi a kwance fuska duk kumfa, ni a tsaye da aska.

“Tun yaushe?” na ce.

“Tun yaushe me? Kai, yi aikinka, mutane na jira.”

“Dogo, don girman Allah.”

Ya kau da kai ya kalli rufin kwano. Da ya buɗe baki, ba muryar tsokana ba ce.

“Ranar da aka karɓe mini makullin mota saboda ido, ka san inda na fara zuwa? Nan. Ka yi mini aski, ka zage ni, na koma gida kamar mutum.” Ya juyo ya dube ni. “Ɗan ƙwarzane ne fa. Fata ce, tana warkewa. Yi aikinka.”

Ya miƙe wuya ya rufe ido, ya ba ni maƙogwaronsa.

An ce in aski ya zo gaban goshi ya fi zafi. Na sha faɗa wa mutane wannan ina dariya. Na tsaya da askar a sama ina kallon jijiyar wuyansa tana bugawa a ƙarƙashin kumfa, ina kallon hannuna. Ina son aikin nan. Wallahi ina son sa fiye da yadda zan iya faɗa. Da zan iya roƙon hannun nan ya ba ni ko shekara ɗaya, da na durƙusa masa.

Na naɗe askar na ajiye a kanta. Na jiƙa tawul na goge masa kumfar tas, na ɗago kujera, na cire ƙyallen.

“Tashi ka tafi,” na ce.

“Kai wane irin mutum ne?”

“Tashi, Dogo.”

Ya sauko a hankali, ya nemi takalminsa da ƙafa. Ya fita da furfurarsa yadda ya shigo da ita. Ina daga ciki na ji hirar benci ta tsaya.

“A'a, Dogo, yau ba a taɓa gemun ba?” in ji mai shayi.

“Ni na ce ya bari,” in ji Dogo da ƙarfi, don in ji. “Tara shi zan yi. Na gaji da 'yan mata suna bi na.”

Ba wanda ya yi dariya. Tela ya ajiye kofinsa, ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya taho. Ina kallon yadda yake tahowa, a hankali, yana murmushin nan nasa na mutunci. Na tare shi a bakin ƙofa. Na ɗaga murya yadda duk bencin zai ji.

“Tela, koma ka zauna. Na daina aska. Hannuna rawa yake.”

Na shirya wa komai. Na shirya su yi salati, su ce tun yaushe, su ce haba, ba mu taɓa lura ba.

“Alhamdu lillahi,” in ji Tela.

Fitowa ta yi da numfashinsa, kafin ya kama ta. Ya rufe baki da hannu, idonsa ya cika da kunya. Na dubi bencin. Ba wanda ya yi mamaki, ko mutum ɗaya. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon kofinsa, kafaɗu sun sauka.

“Ina nufin, Allah ya ba ka lafiya,” in ji Tela.

Na ce amin. Na koma ciki na zubar da ruwan kumfar.